Ƙarar Cikin Ƙofa

'Yar uwa, duk wadda ta taɓa shiga motar haya daga Zuru zuwa kasuwar Bena, can ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, ta san wannan ƙarar. Mota ta sha buhunan masara da dawa, ana tafe, sai ki ji wani abu cikin ƙofa yana ƙwaram-ƙwaram duk sa'ad da aka faɗa rami. Tun zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, har zuwa motocin yau, babu wadda ta tsira daga wannan ciwo.

Kin san dai ƙofar mota ba dunƙulallen ƙarfe ba ce, cikinta holoƙo ne. A ciki akwai ƙarfen da ke ɗaga gilashi, akwai 'yan siraran sanduna da suka haɗa mariƙi da makulli, da 'yan robobin da ke riƙe su. Roba ɗaya ta tsinke, ko noti ɗaya ya yi sako-sako, shi ke nan ƙara ta samu. Wani lokacin ma tsakuwa ce kawai ta faɗa ta bakin gilashi.

Direbobi iri uku ne a kan wannan. Na farko ya ƙure rediyo, wai shi bai ji komai ba. Na biyu ya naɗe kwali ya cusa a gefen gilashi, a yi shiru kwana biyu a koma gidan jiya. Na uku kuwa ya riƙa buga ƙofar da ƙarfi yana zaginta, har abin da ya rage lafiyayye ya kwance. Dukansu babu wanda ya leƙa ciki. Alhali idan sandar makulli ce ta subuce, wata rana ƙofar za ta ƙi buɗuwa a lokacin da ake neman fita da gaggawa.

To, ashe ba haka gidajenmu suke ba? Maigida ya rage hira. Yarinyarki da ta saba surutu ta koma zaman ɗaki. Gaisuwar abokiyar zama ta yi sanyi. Ki je da kukanki wurin manya, a ce miki, “Yi haƙuri, kowane gida da irin tasa ƙarar.” Tambayata ita ce: shin toshe kunne shi ne haƙuri?

Dubi yadda gwanin bakanike yake yi. Ba ya gaggawar ɗauko sufana. Sai ya sa direba ya ja motar a hanya mai gargada, shi kuma ya zauna ya kasa kunne. Ya dafa nan, ya dafa can, ya sauke gilashi rabi ya ji ko ƙarar ta canza. Dalili kuwa, ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa. Ki rantse daga ƙofar baya take, ashe ta gaba ce. Mu mata sau nawa muke ɗora wa kishiya ko uwar miji laifi, alhali abin da ya kwance bashi ne ya hana maigida barci, ko wata kalma da aka yaɓa tun bara ba a wanke ba?

Idan ya gano wurin, a hankali yake ɓamɓare marfin cikin ƙofar, don robobin da ke riƙe da shi ba su da ƙwari. Ya ɗaure notin, ya shafa giris, ya mayar. Sau da yawa gyaran bai kai wahalar neman ba. Magana ma haka take: a keɓe, da sanyin murya, ba gaban yara ba, ba kuma lokacin da mutum ya shigo da yunwa ba.

Wata za ta ce, “Haba, ai a bar kaza cikin gashinta.” Tana da gaskiyarta. Ƙofar da ake kwancewa kullum ba ta sake zama daidai, kuma matar da ke bin diddigin kowane tari na mijinta ita ce za ta zama ƙarar gidan. A mummunar hanya kowace mota sai ta yi kuka. Ranar da babu, kowa fuskarsa a ɗaure take. Wannan a bar shi ya wuce. Amma ƙarar da ba ta daina ba ko an hau kwalta, wadda ta fi ta jiya ƙarfi, ita ce ke neman hannu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haƙuri na gaskiya shi ne na bakaniken nan: ki saurara har ki gane, ki jira lokacin da ya dace, sannan ki buɗe a hankali. Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.