Kiɗan da Ba Ya Magana: Me Ya Sa Taken Finafinan John Williams Yake Ratsa Zuciya?

Daga cikin tambayoyin da masana falsafa suka daɗe suna juyawa akwai wadda ta shafi kiɗa zalla, wato kiɗan da babu waƙa ko kalma a cikinsa: ta yaya jerin sautuka da ba su ambaci komai ba suke sa mutum ya ji tsoro, ko jarumta, ko baƙin ciki har ya zubar da hawaye? Ayyukan John Williams, Ba'amurken nan mai tsara kiɗan finafinai wanda aka haifa a birnin New York a shekarar 1932, suna cikin misalan da suka fi dacewa da wannan bincike, domin miliyoyin mutanen da ba su taɓa shiga zauren kaɗe-kaɗe ba suna iya rera kiɗansa da baki, kuma da yawansu ba su san ko sunansa ba. Ya lashe kyautar Oscar sau 5, an kuma sanya shi cikin masu takararta fiye da sau 50, amma yawan kyautuka ba ya bayyana dalilin da kiɗan Jaws, da Star Wars, da Schindler's List suka zauna a kunnuwan jama'a bayan an manta da sassa masu yawa na labaran finafinan.

Kayan aikin Williams shi ne okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa da kan haɗa mutum tamanin ko fiye, waɗanda suka kasu gida huɗu: masu goge iri-iri, daga ƙarami mai siririyar murya zuwa babba mai kauri, da masu busa sarewa da danginta, da masu busa ƙahonin tagulla, da masu ganguna. A farkon shekarun 1970 masu shirya finafinai a Hollywood sun fi karkata ga waƙoƙin zamani, ana kallon kiɗan okestira a matsayin tsohon yayi na zamanin Max Steiner da Erich Korngold. Fitowar Star Wars a 1977, wanda okestirar London Symphony ta kaɗa kiɗansa, ita ta dawo da martabar wannan salo, har Cibiyar Finafinai ta Amurka ta zaɓe shi a 2005 a matsayin kiɗan fim mafi girma a tarihin ƙasar.

Dabarar da ya fi dogara da ita Jamusawa ne suka raɗa mata suna laitmotif, wato gajeren kari da ake keɓe wa wani mutum, ko wuri, ko manufa a cikin labari, ta yadda duk lokacin da ya tashi mai sauraro zai san wanda ake nufi. Richard Wagner ya shahara da ita a jerin wasanninsa huɗu na Ring da aka fara gabatarwa gaba ɗaya a Bayreuth a 1876. Bahaushe ya san irin wannan tun da daɗewa a cikin take: idan makaɗi ya saki taken basarake ko na ɗan dambe, jama'a sun gane mai shi tun kafin su ga fuskarsa, shi kuwa mai taken jikinsa ya ɗauki tsuma. Haka taken Darth Vader na finafinan Star Wars, kiɗan da ya fara bayyana a The Empire Strikes Back a 1980, yake sanar da isowar azzalumi da takun sojoji da kaurin ƙahoni. Da Williams ya zo tsara kiɗan yaro Anakin a The Phantom Menace a 1999, sai ya yi masa kari mai taushi irin na ƙuruciya, amma ya saƙa guntun taken Vader a ƙarshensa, domin wannan yaron ne zai girma ya zama azzalumin. Ta wannan hanya kiɗa ya faɗi makomar da babu wani ɗan wasa da ya furta a fim ɗin.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin wannan dabara a fili shi ne Jaws na 1975, labarin kifin shak da yake cin mutane a bakin tekun wani tsibiri. Taken kifin sautuka biyu ne kawai, maƙwabtan juna, mafi kusancin tazara da ake samu a kan fiyano, ana maimaita su a can ƙasa da muryar manyan goge, suna farawa a hankali sannan su riƙa sauri da ƙarfi kamar abin da yake matsowa. Lokacin da Williams ya fara buga wa Steven Spielberg su a fiyano, daraktan dariya ya yi, yana zaton wasa ne. Sai ga shi kifin roba mai inji da aka ƙera domin fim ɗin ya yi ta lalacewa a cikin ruwan gishiri, wanda ya tilasta a rage nuna shi, don haka kiɗan ya tsaya a madadin dabbar da ido ba ya gani. Abin lura a nan shi ne amanar da kiɗan ya riƙe: a wurin da wasu yara biyu suka firgita masu wanka da ƙirƙirarren fiffiken kifi, taken bai tashi ba, saboda babu kifin gaske. Bayan mai kallo ya saba da cewa shiru yana nufin aminci, sai kifin ya ɓullo a bayan wani jirgin ruwa ba tare da gargaɗi ba, tsoron kuwa ya ninka.

A nan ne masana suka rabu. Eduard Hanslick, masanin kiɗa na Biyana, ya kafa hujja a littafinsa na 1854 cewa kyawun kiɗa yana cikin tsarin sautukansa da yadda suke motsi, kuma kiɗa ba shi da ikon nuna wani takamaiman shauƙi kamar ƙauna ko tsoro, sai dai saurinsa da nauyinsa da hawa da saukarsa. Bisa wannan ra'ayi, sautukan Jaws biyu ba su ƙunshi kifi ba, fim ɗin ne ya ɗaura musu ma'ana. Arthur Schopenhauer kuwa ya riga shi da wata fahimta dabam: a wurinsa sauran fannonin fasaha suna kwaikwayon siffofin duniya, amma kiɗa yana bayyana ainihin muradin da yake tunzura kowane mai rai, shi ya sa yake isar da baƙin ciki tsagwaronsa ba tare da ya faɗi dalilin baƙin cikin ba. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya a ayyukan Williams. Wanda bai taɓa ganin Star Wars ba ba zai san sunan jarumin ba, amma idan ya ji ƙahoni sun yi tsalle daga sautin tushe zuwa na biyar a sama, sannan suka ƙara haurawa, zai ji an ɗaga masa ƙirji, domin muryar mutum ma haka take hawa idan yana kira ko yana murna.

Akwai fahimta ta uku da ta fi waɗannan kusa da warware matsalar, kuma tana cikin Ihya'u Ulumiddin na Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111. A babin da ya yi kan ladubban sauraro ya bayyana cewa sauti mai daɗi ba ya zuba wa zuciya abin da babu shi a cikinta, yana dai motsa abin da yake kwance ne ya fito fili. Wajibi ne a faɗi cewa malamai sun yi saɓani mai tsawo a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma shi kansa al-Ghazali ya ware kayan tsirkiya da wasu na busa daga abin da ya halatta, don haka ba fatawa ake nema a maganarsa a nan ba. Bayaninsa kan yadda sauti yake aiki a cikin rai ne ya haskaka batun. Taken Schindler's List na 1993, wanda Itzhak Perlman ya goga, yana tafiya a hankali da lanƙwasa irin ta kaɗe-kaɗen Yahudawan gabashin Turai, yana hawa kaɗan ya sauko kamar numfashin mai kuka. Fim ɗin labarin Oskar Schindler ne, Bajamushen da ya ceci Yahudawa kimanin 1,200 daga kisan 'yan Nazi, amma wanda ya saurari karin a wata ƙasa mai nisa yakan tuna nasa mamacin, domin rashi yana cikin kowace zuciya, kiɗan ya ba shi siffa da hanyar fita.

Wannan ƙarfi shi ne kuma tushen zargin da ake yi wa Williams. Masu suka suna cewa kiɗansa yana yi wa mai kallo shifta, yana gaya masa lokacin da zai yi kuka da lokacin da zai yi tafi, ta yadda tunani ba ya samun sarari. Zargin yana da nauyi, tun da Aflatun ma ya yi gargaɗi cewa kari da amo suna kutsawa can cikin rai su gyara hali ko su ɓata shi, kuma tarihi ya nuna gwamnatocin zalunci sun yi amfani da kiɗan fareti wajen tunzura taro. Sai dai motsa zuciya shi kaɗai ba yaudara ba ne. Yaudara tana faruwa ne idan kiɗa ya nemi hawayen da labarin bai cancanta ba, ko ya ƙawata abin da ya kamata a ƙyamata. Idan aka auna fitattun ayyukan Williams da wannan ma'auni, za a ga taken Vader yana sa a ji girman mulkin danniya tare da sanyin tsoronsa, taken Schindler's List kuma yana makokin waɗanda aka kashe ba tare da ya mai da kisan abin sha'awa ba. A ƙarshen E.T. na 1982 Spielberg ya bar Williams ya ja okestira yadda kiɗan ya buƙata, sannan ya sake yanka hotunan su dace da shi, wanda ya nuna cewa daraktan ya yarda gaskiyar rabuwar yaron da ke cikin labarin da abokinsa E.T. tana cikin kiɗan.

Sauƙin waɗannan karuruwa ma yakan sa a raina su, alhali sauƙin nan da gumi aka same shi. Domin sautuka biyar na Close Encounters of the Third Kind, waɗanda mutane da baƙi daga sararin samaniya suke gaisawa da su, Williams ya rubuta ɗaruruwan gwaji kafin a zaɓi ɗaya. Karin da yaro zai iya riƙewa daga ji ɗaya, kuma ƙwararru su same shi da zurfin da za a juya shi zuwa murna ko makoki, yana cikin abubuwa mafi wuyar ƙirƙira. Okestirar Biyana da ta Balin, waɗanda suke kan gaba a duniya wajen kiɗan Beethoven da Brahms, sun gayyace shi ya jagorance su a 2020 da 2021, inda aka saurari kiɗan ba tare da an haska ko hoto ɗaya ba.

Hukuncin da wannan bincike ya kai gare shi shi ne cewa farin jinin taken Williams ya taru ne daga abubuwa uku da suka haɗu: tsari mai sauƙi da aka sassaƙa da haƙuri, da labarin da ya ba tsarin suna da fuska, da zuciyar mai sauraro wadda ta zo da nata tsoro da bege da rashi. Tun da kaso na uku daga mai sauraro yake fitowa, alhakin tantance abin da sauti ya tayar masa yana wuyansa, kuma mai hankali shi ne wanda yake tambayar kansa ko abin da ya motsa a ransa ya kusantar da shi ga tausayi da gaskiya ko ya nisanta shi da su.