Hanci Ba Alƙali Ba Ne

A bayan goshin kowannenmu, daidai saman kogon hanci, akwai wasu 'yan ƙululai biyu kwance a gindin ƙwaƙwalwa. Su ne mashigar ƙanshi da wari. Wani siririn ƙashi mai huje-huje kamar rariya ne ya raba su da hanci, kuma ta waɗannan hujoji jijiyoyi ke hawa da saƙo. A shekarar 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano a Amurka asalin na'urorin jiki masu kama ƙanshi, waɗanda ɗan Adam ke da kimanin iri 400 nasu, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2004.

Abin lura shi ne, saƙon ido da na kunne sai sun yada zango a wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus kafin su wuce. Saƙon hanci kuwa yana da hanyar da ke miƙewa kai tsaye zuwa amigdala, sashen da ke da hannu wajen tsoro da motsin zuciya. Shi ya sa fuska kan yamutse tun hankali bai zauna ba.

To, ko wannan gaggawa ta isa hujjar yanke wa mutum hukunci? Mu dubi Abuja. Kullum da asuba mutane na cunkusuwa cikin motoci daga Nyanya da Mararaba don share titunan Maitama da Asokoro. Wasu kuma na yini a jujin Gosa suna tsintar abin da muka zubar. Idan ɗayansu ya gifta mu muka toshe hanci, warin wa muke gudu? Sharar tamu ce, shi ɗauka kawai ya yi.

Babu shakka ƙyamar wari ta sha tsare mu daga ruɓaɓɓen nama da gurɓataccen ruwa, kuma a nan amfaninta ya tsaya. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Haka ma bai san amana ko gumin halal ba. Yamutsewar fuska ta farko ba da zaɓinmu take zuwa ba, don haka ba laifi ce ba. Amma sallamar da muka hana, da kujerar da muka janye, waɗannan hankali ne ya zartar da su, kuma su za a tambaye mu.