Jinin da ake zubarwa a gidan rawa

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, haramcin gidan rawa da giya sananne ne, amma jinin mashayi bai halatta ba. Idan aka soki yaro da wuƙa, sai masu gadi su jawo shi waje, su rufe ƙofa don gudun jandarma. Subhanallahi! Malamanmu na Malikiyya sun ɗora lamuni bisa wanda ya iya ceton rai ya ƙi. Wajibi ne mai wurin ya tsai da kiɗa, ya kai mai rauni likita, ya kira hukuma, kada a wanke jinin kafin ta iso. Ku kuwa samari, kada ku maimaita ƙone-ƙonen mashaya na Yamai a 2015; ku kai ƙara wurin hukuma, ita ke da ikon rufewa.