Cutar Gado: Wa Za A Zarga?

 

A shekarar 1969 likitoci a Amurka suka ba da bayanin wata cutar hanta a cikin zuriyar mutum guda daga jama'ar Amish, mutanen da ba su cika aure a wajen danginsu ba. Ana kiranta cutar Byler. Ruwan matsarmama ne ke kasa fita daga hanta, sai jariri ya kamu da shawara da ƙaiƙayi mai tsanani, ya kasa girma, hantar ta lalace tun yana ƙarami. A 1995 masana suka gano mazaunin aibin a kan kuromosom na 18, a 1998 kuma suka gano ƙwayar gadon kanta.

Abin lura shi ne, cutar ba ta bayyana sai yaro ya gaji aibin daga uwa da uba duka, alhali kuwa su lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki, yiwuwar kamuwa ɗaya ce cikin huɗu.

Ya 'yan'uwa Musulmi, shin wannan bincike kutsawa ne cikin gaibu? Ko kusa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa domin launinsa ya saɓa wa nasa. Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi game da raƙumansa jajaye, waɗanda aka sami mai ruwan toka a cikinsu. Mutumin ya ce watakila daga kakanni ya jawo. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Da wannan aka tabbatar da gado mai ɓuya, aka kuma wanke matar daga zargi.

To, mu fa? Mace nawa aka kira mai wabi, aka sake ta, don 'ya'yanta suna mutuwa, alhali rabin sababin yana jikin mijin? Haka gadon sikila yake a tsakaninmu. Auren zumunci halal ne, amma gwaji kafinsa riƙo ne da sababi, ba jayayya da ƙaddara ba. Sai dai sakamakon amana ne: wanda ya mai da shi abin gori ga wata zuriya ya ci amana, domin babu wanda ya zaɓi abin da ya gada.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare mu daga zalunci, amin.