Shin Ya Dace Mu Kai 'Ya'yanmu Dutsen Dala?

A lokutan hutun makaranta wasu magidanta a Kano kan ɗebi iyali su zaga tsofaffin wurare na cikin birni da ƙafa: a fara daga karofin Ƙofar Mata, a bi ta Babban Masallaci da ƙofar fada, a shiga Gidan Makama, a ratsa Kasuwar Kurmi, in da sauran ƙarfi a ƙarasa Dala. Wasu 'yan'uwa na ganin wannan aikin banza ne, kwaikwayon Turawa masu yawon buɗe ido. Wasu kuma tsoronsu ya fi haka nauyi. Suna cewa ai a Dala ne Barbushe ya jagoranci bautar Tsumburbura, to me ya haɗa ɗan Musulmi da wurin da aka yi shirka?

Wannan tsoro ba abin raini ba ne. Ya tabbata cewa da Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyarsa ta zuwa Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen sai dai in suna masu kuka, ya kuma gaggauta wucewa. Amma mu lura, Hijir wuri ne da azabar Allah ta sauka a kan mutanensa. Dala kuwa wuri ne da shiriya ta zo ta tarar. Wangarawa sun iso Kano da addini a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), bautar gunki ta yi ta ja da baya, yau in kika tsaya a kan dutsen da la'asar, ta kowace kusurwa kiran salla kike ji. Kuma ko Makka kanta ai an yi gumaka a cikinta kafin a bude ta.

Alƙur'ani a wurare da dama ya umarce mu da tafiya a bayan ƙasa domin mu ga yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Don haka a ganina tafiyar ba ita ce matsala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da yaro zai ji daga bakin uwarsa in an isa. Uwa ɗaya za ta ce, "Yi shiru, akwai mutanen ɓoye a nan, kar ka nuna da yatsa." Wata kuma ta sa a ɗebo ƙasar wurin wai don neman albarka. Waɗannan sun koma gida da abin da Wangarawa suka zo kawarwa. Wata uwar kuwa za ta ce, "Ka ga nan? Kakanninmu sun taɓa jin tsoron abin da ba ya amfani ba ya cutarwa, sai Allah ya tsamo su. Ba wayonmu ne ya sa muka tashi Musulmi ba."

Sauran wuraren ma haka. A Gidan Makama yara za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan sarakuna. Nan ne wurin ba su labarin Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ya gina gidan sarauta ya kafa Kasuwar Kurmi, amma duk da ƙarfin mulkinsa ya zauna gaban Shehu Maghili yana neman a nuna masa yadda Musulmi ke riƙe jama'a. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 ba ta hana Turawa shigowa a 1903 ba, ga shi yanzu mu da kanmu mun cinye yawancinta da gine-gine da haƙar ƙasa. Wallahi yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya bukatar dogon wa'azi a kan cewa mulki na Allah ne. A karofi kuwa zai ga dattijo zaune yana tsoma zane a baba yana ɗagowa, sana'ar da ya gada kaka da kakanni, ya san halal da gumi ake samunta.

Sai batun fitar kanta, tunda mu matan aure ne. Ba cewa nake mace ta yayimi mayafi ta fice ba izini ba. Tafiya ce ta iyali, da maigida a gaba, da sutura cikakkiya, a fita da safe a dawo kafin rana ta take. Abin mamaki, mazan da ke cewa ba su da lokacin irin wannan su ne ke ba mu izinin bikin kwana uku ba tare da tambaya ba, mu ma ba ma ganin nisan Sabon Gari in anko za a fitar. Manzon Allah (SAW) yakan je Masallacin Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Wancan ibada ce, namu ba ita ba ce, amma dai taka ƙafa a cikin gari bai taɓa rage wa kowa daraja ba.

Ga wadda take son gwadawa, ta fara tambayar tsohuwar gidansu ko malamar Islamiyya labarin wuraren tun kafin a fita, don yara za su yi tambaya, kuma a bakin dutsen ba a rasa mai ba su amsar camfi. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mara tsini, matakalar Dala ba ta raga wa mai goyo.