Aholakin da Aka Ɗaure a Mararraba



Duk wanda ya taɓa sauka a Mararrabar Ƙanƙara ko a Sheme ya san yadda matafiyi yakan tare direbobin da suka fito, yana tambaya: "Yaya hanya? An wuce lafiya?" A dā gaisuwa ce kawai. Amma tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, balle bayansa, tambayar ta zama ta rai da mutuwa a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Domin haka muke so mu tsaya a kan kalma guda ta harshen Latin, wadda muka haddace a seminari ba tare da sanin za ta zo mana har gida ba.

Kalmar ita ce bivium. A Latin, via hanya ce, bi kuwa biyu: wato wurin da hanya ta rabu biyu. In ta rabu uku sukan ce trivium, in huɗu quadrivium. Romawa na dā suna jin tsoron irin wannan wuri, har sukan kafa wa allolin unguwa ƙananan bagadai a can, su yi musu idi mai suna Compitalia. Kada mu yi musu dariya, gama kakanninmu ma sun ajiye sadaka a mararraba da dare, kuma a cikinmu akwai waɗanda ba su daina ba.

Waliyi Jirom, wanda Fafaroma Damasus ya ɗora wa gyaran Bisharu na Latin wajen shekara ta 382, ya yi amfani da wannan kalma a wurare biyu da suka dace da halinmu. Na farko yana cikin Ezekiyel sura 21. Sarkin Babila ya fito da mayaƙansa, ya iso inda hanya ta rabu: ɗaya ta nufi Rabba ta Ammonawa, ɗaya ta nufi Urushalima. Da dukan ƙarfinsa, bai san wadda zai bi ba. Sai ya girgiza kibau, ya tambayi gumaka, ya dudduba hantar dabba. Ƙuri'a ta faɗa kan Urushalima, birnin kuwa ya sha wuta.

Na biyu yana cikin Markus sura 11, wadda ake karantawa a Lahadin Dabino. Ubangiji Yesu ma Urushalima ya nufa. Ya aiki almajirai biyu su kwanto masa aholaki, ɗan jakin da ba a taɓa hawa ba, suka same shi ɗaure a bakin ƙofa. Fassarorin zamani sukan ce a bakin titi ne, kuma hakan ya fi kusa da Helenanci. Amma Latin ya sa shi a bivium, a mararraba. Ba za mu kafa koyarwa a kan kalmar mai fassara ba, sai dai tana sa mu ga sarakuna biyu da birni ɗaya a gabansu. Ɗaya ya ɗauki kibiya a mararraba. Ɗayan ya aiko a karɓi aron jaki, ya kuma ce za a mayar wa masu shi.

'Yan'uwa, mun san abin da tsoro yake sa mutum ya ɗauka a mararraba. Wani ya sayar da buhun masara ya kai wa boka domin layar da za ta hana harsashi shiga, alhali 'ya'yansa ba su da abin kaiwa makaranta. Wani saurayi, da aka kashe mahaifinsa a gona, ya rantse duk Bafulatanin da ya gani a kasuwa zai biya bashin, ko da mai tallan nono ce da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wani kuma, wannan shi ne mafi ɗaci, ya karɓi 'yan kuɗi ya faɗa wa 'yan bindiga motar da ta tashi da wanda yake cikinta. Ba mu faɗi haka domin mun raina zafin da kuke ji ba. Mu ma mun binne namu, mun kuma yi Misa a majami'un da rabin kujerunsu ba kowa. Duk da haka, waɗannan uku girgiza kibau ne, kuma mai baftisma ba shi da rabo a ciki.

Masu aholakin nan sun ga baƙi suna kwance musu dabba, suka tambaya, aka ce Ubangiji yana bukatarsa, suka ƙyale. Daga gare mu, abin da yake bukata yana iya zama ɗakin soro ga iyalin da suka gudo daga ƙauye, Kirista ne ko Musulmi, ko kuwa kwanon dawa, ko babur na kai mara lafiya asibitin Funtua. Muna roƙon katikis na kowace majami'a, tare da zumuntar mata, su zagaya kafin Mako Mai Tsarki su san gidajen da suka karɓi 'yan gudun hijira, domin baikon Lahadin Dabino ya fara isa gare su.