Madubin Gefe da Tambayar Asali

Motar Jaguar E-Type, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1961, a farkon shekarunta takan bar masana'anta babu madubin gefe, sai dillali ya ɗaura mata. Mai ita a yau yana fuskantar tambayar da marubucin tsohuwar Girka Plutarch ya kawo kan jirgin ruwan Theseus, wato ko abin da aka sauya wa sassa yana nan yadda yake a zatinsa. Masu kishin asali suna ƙin huda ƙofa, suna zaɓen madubi mai maƙalewa, amma hujjarsu tana da rauni, domin zatin mota yana cikin tafiyarta, kuma madubin da aka ɗaure da kusoshi ya fi jure girgizar hanya.